Gani Ya Kori Ji: A Koya Wa Yara Kurame Ilimin Ƙasa

Kowace shekara, idan bazara ta kama, gidajen rediyo sukan shiga yi wa manoma bayanin yadda ake sa ran damana za ta kasance: lokacin da ya dace a yi shuka, yankunan da ruwa zai yi ƙaranci, da inda ake fargabar ambaliya. Masu kunne suna saurare, suna shiri. Amma a cikin kowane gari da kowane ƙauye na Nijar akwai wasu ƴan ƙasa da wannan magana ba ta isa gare su, watau kurame. Ƙasa ɗaya suke takawa da kowa, rijiya ɗaya suke sha, kuma idan kori ya kawo ruwa cikin dare ba ya tambayar wane ne mai ji, wane ne marar ji. Saboda haka lokaci ya yi da magabata za su ɗauki koyar da ilimin ƙasa ga yara kurame a matsayin wajibi, su ba shi malamai da kayan aiki da lokaci, daidai da yadda ake ba sauran yara.

Abin da ake nufi da ilimin ƙasa shi ne sanin duwatsu da ma'adinai, da ire-iren ƙasar noma, da ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa, da iska da yanayi, da tarihin yadda duniya ta sassauya tun zamani mai nisa. Darasi ne da yake cikin tsarin karatun koleji, a haɗe da ilimin halittu. A takarda, kowane yaro yana da rabo a cikinsa. A aikace kuwa, yaro kurma yakan tsaya tun bai kai ga wannan aji ba, ko kuma ya kai ya zauna yana kallon bakin malami yana motsi har a tashi.

Da farko ya kamata a gane cewa kurumta ciwon kunne ce, ba ta taɓa hankali. Wasu yaran da ita aka haife su. Da yawa kuwa sun same ta ne daga baya, ta hanyar sanƙarau, ko ƙyanda, ko ciwon kunne mai ruwa da aka bari ba magani. Nijar tana tsakiyar yankin da sanƙarau ya fi addaba a Afirka. An sha wuyar annobarsa a 1995, aka sake sha a 2015, ko da yake allurar rigakafin da aka soma a 2010 ta karya lagon irin da ya fi kisa a da. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 60 cikin ɗari na rashin ji a wajen yara ana iya kauce masa da rigakafi da magani. Wannan aikin likitoci ne. Amma yaron da ya riga ya rasa jinsa, aikinsa ya koma hannun makaranta, kuma ƙwaƙwalwar da ya shiga ciwon da ita, da ita ya fito.

Tarihin karatun kurame ya ƙunshi darasin da bai kamata a manta ba. A wajajen 1760 wani malamin addinin Kirista, Abbé de l'Épée, ya buɗe makarantar kurame a birnin Faris, inda ya koyi maganar hannu daga yaran, sa'an nan ya koyar da su da ita. A 1880 aka yi babban taron malaman kurame a Milan, ƙasar Italiya, aka yanke shawarar a fid da maganar hannu daga aji, a tilasta wa yara karanta leɓe da yin magana da baki. Shekaru aru-aru aka ɓata ana koya wa yara fitar da sautin da ba su taɓa ji ba, alhali lissafi da kimiyya suna jira. Sai a 1960 wani masanin harshe a Amurka, William Stokoe, ya nuna cewa maganar hannu cikakken harshe ce mai ƙa'idojinta. A 2010, a birnin Vancouver na Kanada, taron malaman kurame na duniya ya fito fili ya yi watsi da shawarar Milan. Watau sai da aka yi shekara 130 kafin a amsa kuskure.

A Afirka ta Yamma, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Akara, ƙasar Gana, a 1957, kuma ya ci gaba da buɗe wasu a ƙasashe da dama har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Wannan ne dalilin da ya sa alamun da ake koyarwa a makarantun kurame masu yawa na wannan yanki suke da asali daga Amurka. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kafin zuwan boko, wadda suke ciniki da ita a kasuwa, suke hira da ita a dandali. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi bincike a kanta a Kano, ta wallafa littafi a shekarar 2000. A Nijar akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram. A 2008 kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya wajabta a sauƙaƙa koyon maganar hannu, a kuma ilimantar da kurame cikin harshen da ya fi dacewa da su. Alkawari ne da aka ɗauka a gaban duniya, kuma bai keɓe darasin kimiyya ba.

Me ya sa ilimin ƙasa musamman? Domin Nijar daga ƙasarta take ci. An gano yuraniyom a Azelik a 1957, aka soma haƙo shi a Arlit a 1971. Kwal na Anu Araren, kusa da Cirozerin, shi ne yake ba arewa wutar lantarki. Daga dutsen farar ƙasa na Malbaza ake yin siminti. Man fetur na Agadem ya soma isa matatar Damagaram a 2011. Zinariya ta fito a Samira a 2004, a Jado a 2014. Tun kafin waɗannan duka, gishirin Bilma da Faci da Tigidda ya ɗauki ayarin raƙuma ɗaruruwan shekaru. Mafi yawan jama'a kuma suna rayuwa ne a kan gero da dawa da wake da dabbobi, waɗanda makomarsu take rataye ga ƴan watannin damana. Ɗan ƙasar da aka hana shi sanin waɗannan abubuwa an hana shi sanin gidansu, an kuma rufe masa ƙofar ayyukan da suke cikinsu.

Bayan arziki akwai haɗari. A watan Nuwamba na 2021 ramin haƙar zinariya ya rufta a Ɗan Isa, jihar Maraɗi, mutum 18 aƙalla suka rasu. A 2010, a Zamfara, can Najeriya, yara fiye da 400 suka mutu saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. A 2012 da 2020 kogin Kwara ya tumbatsa ya ci unguwanni a Yamai, a 2024 kuma ambaliya ta shafi kusan dukkan jihohin ƙasar. Matashi kurma yakan je wuraren haƙa domin aikin ƙarfi ne da ba a tambayar takarda. Idan bangon rami ya soma motsi, abokansa suna jin ƙara, suna jin ihu. Shi kuwa idonsa da saninsa kaɗai ne mafakarsa. Idan an koya masa cewa ƙasa mai rairayi tana sakin jiki bayan ruwa, cewa tsaga a bakin rami gargaɗi ce, cewa ƙurar wasu duwatsu guba ce, to an ba shi abin da zai tsira da ransa.

Matsalolin koyarwar sanannu ne, kuma ta farkonsu harshe ce. Mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne, waɗanda ba su iya maganar hannu ba sai ƴan alamun ci da sha da kira. Yaro yakan iso lakkol da shekara bakwai ko fiye ba tare da cikakken harshe ko ɗaya ba. A nan sai a haɗa masa kaya uku a lokaci guda: alamun makaranta, rubutun Faransanci wanda bai taɓa jin sautinsa ba, da kuma darasin kansa. Yaro mai ji yana tsintar sani a hanya, daga hirar manya a bakin rijiya da gardamar manoma a kan hadari. Wannan tsintuwa duk tana wuce kurma. Don haka abin da malami yake ɗauka kowa ya sani, sau da yawa shi bai taɓa samunsa ba.

Ta biyu ita ce ƙarancin alamu. Kalmomi irin su zaizayar ƙasa, ma'adini, ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko dutse mai aman wuta, ba kowace ce take da alamar da aka yarda da ita ba. Malami yakan koma ga harhaɗa kalmar Faransanci baƙi bayan baƙi da yatsu. Yaron zai haddace baƙaƙen, ya rubuta su daidai ranar jarrabawa, amma babu hoton kome a cikin kansa. Ta uku ita ce ido ba ya aiki biyu a lokaci ɗaya. Mai ji yana iya duban dutse yana sauraron bayani. Kurma dole ya zaɓa: ko ya dubi dutsen, ko ya dubi hannun malami. Malamin da ya juya baya yana rubutu a allo yana magana, a wajen kurma ya yi shiru ke nan.

Duk da haka, a cikin dukkan darussa babu wanda ya fi dacewa da mai koyo da ido kamar wannan. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ilimin ƙasa ana ganinsa, ana taɓa shi, ana auna shi, kuma kayan aikinsa suna zube a bayan aji. A ɗebo ƙasar jigawa da ta fadama, a zuba kowace cikin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Rairayi zai kwanta nan da nan, ƙasa mai laushi ta biyo baya, laka kuwa sai ta kwana tana yawo a sama. Yaron ya ga da idonsa abin da ya sa jigawa take shanye ruwa da sauri, fadama take riƙe shi. A cika tire biyu da ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya da ciyawa, a karkata su, a zuba ruwa daidai wa daida. Ruwan da ya fito daga na farko ja ne, na biyu ya fi haske. Zaizayar ƙasa ke nan, kuma daga nan sai a kai yara su ga jerin duwatsu da ramukan rabin wata da manoma suke yi a kan fako, su ga itatuwan da aka jera domin tare iska a kwarin Majiya tun 1975, da ayyukan farfaɗo da ƙasa na Keita da aka soma a 1984, da sassaben zamani na barin tohon itatuwa a gona wanda ya bazu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980.

Haka nan ma'aunin ruwan sama. Kowace makaranta tana iya kafa nata a tsakar fili, yara su riƙa dubawa da safe suna rubutawa. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, watau lita 10,000 a kan hekta guda. Yaron da ya cika littafinsa da lissafin damana ɗaya ya fahimci abin da ake nufi idan aka ce fari, kuma idan aka ba shi labarin 1973 da 1984 zai san abin da kakanninsa suka gani. Idan ana gina rijiya a unguwa, a jera ƙasar da ake fitarwa gaba bayan gaba, a ga yadda launinta yake sauyawa har a kai ga ruwa. Yaran Damagaram kuwa darasinsu yana tsaye a tsakiyar gari: manyan duwatsun nan masu tauri waɗanda ruwa ba ya ratsa su sai ta tsaga. Su ne tushen wahalar ruwan birnin, wadda tana cikin dalilan da suka sa aka mayar da babban birni Yamai a 1926.

Abin da ya fi wuyar bayani shi ne tsawon zamani, kuma shi ma igiya tana warware shi. Masana sun ƙiyasta shekarun duniya kimanin miliyan 4,500. A shimfiɗa igiya mai mita 45 a filin makaranta, kowace mita ta tsaya a madadin shekara miliyan 100. Manyan dabbobin da aka tono ƙasusuwansu a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, sun rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, watau mita ɗaya da ɗan kai daga ƙarshen igiyar. Irin ɗan Adam na yau, wanda mafi tsufan ƙasusuwansa da aka samu suka kai kimanin shekara 300,000, rabonsa milimita 3 ne kacal. Yaro zai taka igiyar da ƙafarsa, ya ga tazarar. Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aikin tono a Gadufawa tun shekarun 1960, Ba'amurke Paul Sereno ya biyo baya a shekarun 1990, kuma akwai dabbobin da aka raɗa wa sunan Nijar. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai yana nuna irin waɗannan ƙasusuwa. A duwatsun Malbaza kuma ana samun ɓawon halittun teku, shaidar cewa teku ya taɓa rufe yankin Adar. Wuni ɗaya a irin waɗannan wurare, tare da malami mai maganar hannu, ya fi wata guda na kwafe allo.

Sai dai kayan aiki ba su isa ba sai da tsari. A zaunar da yara cikin da'ira domin kowa ya ga hannun kowa. Haske ya sauka a fuskar malami. A nuna abu, a dakata, a yi bayani, a sake nunawa. A fara da abin da kansa, sa'an nan alamarsa, sa'an nan kalmar a rubuce. Game da ƙirƙirar sababbin alamu kuwa, kada masu ji su zauna a ofis su yanka wa kurame. A tara manyan kurame, cikinsu har da maginan rijiya da masu ginin tukwane da manoma, waɗanda suka daɗe da alamunsu na laka da marmara da kanwa, a haɗa su da malaman kimiyya, a nuna musu abin, su fid da alamar da ta dace da harshensu. Abin da aka amince da shi a ɗauke shi a hoto da bidiyo, a raba wa makarantu, yadda alamar Maraɗi za ta zama ita ce ta Yamai.

Akwai masu cewa ƙasar da ba ta gama samar wa yara masu ji azuzuwa da littattafai ba, ba ta da halin wannan ɗawainiya. A koya wa kurma ɗinki ko sassaƙa ya samu abinci, ya wadatar. Maganar tana da nauyi, domin kuɗin ilimi kaɗan ne kuma sana'a abin daraja ce. Amma kwalba da igiya da tire ba su ne suke cinye kasafin kuɗi ba. Abin da yake bukatar kuɗi shi ne horar da malamai, kuma malamin da ya iya koyarwa da nuni da gwaji, dukkan yaran ajinsa suke amfana. Sa'an nan sana'a da ilimi ba kishiyoyi ba ne: magini da manomi da mai haƙar rijiya duk da ƙasa suke aiki. Wanda ya ce iyakar kurma ke nan, tarihi ya ƙaryata shi. Leo Lesquereux, mutumin Suwis da ya kurumce yana saurayi, ya koma Amurka a 1848, ya zama babban masanin tsirran da suka rikiɗe suka zama kwal. Fielding Meek, Ba'amurke da ya rasu a 1876, shi ma kurma ne, kuma yana cikin manyan masanan halittun da suka daskare cikin duwatsu a zamaninsa. Abin da suka samu wanda yaron Tawa ko Magarya bai samu ba shi ne karatu da dama.

Aikin ya rataya a wuyan ɓangarori da yawa. Ma'aikatar ilimi ta sa maganar hannu cikin horon malamai, ta buɗe wa kurame masu ilimi hanyar zama malamai, ta samar da tafintoci a kolejojin da suke karɓar yara kurame, ta kuma ba su ƙarin lokaci da tambayoyi masu zane a jarrabawa ba tare da rage nauyin darasi ba. Jami'ar Abdu Mumuni, da makarantun ma'adinai na Yamai da Agadas, da cibiyar nazarin yanayi ta AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, suna da masana da samfurin duwatsu da taswirori. Su buɗe ƙofofinsu, su aika wa kowace makarantar kurame akwatin duwatsun ƙasar da sunayensu. Kamfanonin da suke cin arzikin ma'adinai su ɗauki nauyin tafiye-tafiyen karatu. Hukumomin yanayi da na agajin gaggawa su tabbatar da cewa kowane gargaɗi na ambaliya ya fita da tafinta a talabijin, da rubutu da zane a wayar hannu. Gwamnoni da magadan gari da sarakuna su san adadin yara kurame da ke yankunansu, su san ko suna makaranta.

Waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci su ne suka fi kowa sanin zafin zama cikin taro ana abin da mutum bai gane ba, su ne kuma suka san daɗin ranar da takarda ta buɗe musu. A kusan kowace unguwa akwai gidan da ake ɓoye yaro kurma, ko ake tura shi bara, ko kiwo tun safe har dare. Ya dace su je su zauna da iyayen, su nuna musu hanyar makaranta, su kuma koyi ko da alamu kaɗan ne domin gaisawa da yaron. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun farko su ne lokacin da harshe yake kama ƙwaƙwalwa. Abin da aka rasa a cikinsu da wuya a mayar da shi.

Damana za ta sake zuwa, koramu za su sake cika, matasa za su sake sauka cikin ramukan zinariya. A cikinsu akwai waɗanda ba za su ji sanarwa ba, ba za su ji ihu ba. Haƙƙinsu ne su shiga wannan rayuwa da sanin ƙasar da suke takawa, kuma nauyin sauke wannan haƙƙi yana kan hukuma da malamai da iyaye tun daga shekarar karatu mai zuwa.